SUNAN DA KE ƘARƘASHIN TAWADA

SHAFI NA 17

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn da ta ce idan na bari wani abu ya sami Mero ba za ta ƙara duba rubutuna ba. Yi haƙuri 'yar'uwa, ba ni na riƙe wa Malam Abdussamad alƙalami ba. Waɗanda suka shigo yau kuma ku matso kusa, ga inda muke.

Rumbunan zakka na Tudun Kanya sun ƙone ƙurmus ana gab da raba hatsin. Magajin gari ya ware dattawa huɗu daga majalisarsa su binciki lamarin, irin abin da mu yanzu muke ce wa kwamiti. Liman Hussaini ne babbansu, akwai Sarkin Noma da Ardo a ciki, Malam Abdussamad kuma magatakardansu. Duk garin mutum ɗaya ce ta yarda ta buɗe baki, Mero, wadda mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya da 'yar gonar auduga a bayan rumbunan. Ta ce da idonta ta ga Rabe, mai tsaron rumbunan, yana loda wa jakuna dawa kafin wutar ta tashi. Ba ta faɗa ba sai da aka yi mata alkawarin ba wanda zai ji sunanta, domin gonar da take ci aro ce daga hannun Maiwada, kawun Rabe, wanda shi ma yana cikin dattawan huɗu.

Kada ku tambaye ni yadda aka yi kawu ya shiga binciken ɗan ƙanwarsa. Mai karofin rini a Maska, wanda fatakensa ke kai turkuɗi har Kano, ba a cika ce masa ya koma gefe ba, ko a wancan zamanin.

To mu je.

Da hantsi baran Maiwada ya kawo gafakar da takardar shaidar Mero ke ciki, ya ajiye a zauren Malam Abdussamad, ya yi gaisuwa ya tafi.

Ga yadda dattawan nan suke aikinsu. Duk shaidar da aka bayar a asirce, takarda biyu ake yi mata. Ta farko cikakkiya, a ɗinke ta cikin fata a ajiye wurin Liman, ba mai buɗewa. Ta biyu a kwafe ta kalma da kalma, Liman ya gwada su ya ga sun yi daidai, sannan magatakarda ya bi da tawada ya rufe sunan mai shaida da duk wata kalma da za ta nuna ko wane ne. Ba a yarda a tsallake wurin a bar shi fari ba, domin kada wani ya ce an cire magana. Kowa ya ga girman abin da aka ɓoye masa, amma kada ya ga abin. Wannan rufaffiyar ita ke zagaya gidajen dattawan, kowa ya kwana da ita ya duba, ta dawo hannun magatakarda, sannan ta wuce gaba. Maiwada ne na ƙarshe. Yau bayan azahar za a zauna.

Malam ya kwance igiyar gafakar, ya zaro takardar.

Kallo ɗaya ya yi mata ya gane akwai matsala.

Rufin yana nan, wurare uku, kamar yadda ya bari. Sai dai ya fi kyau. Ya yi baƙi sosai, ya kama takardar gam, ga gefensa da ɗan ja-ja. Takardar kuma ta ɗan yi kumburi a wuraren, irin na abin da ya sha ruwa ya bushe.

Ya lasa ɗan yatsa ya goga a kai. Yatsan ya fito tas.

Ya sake gogawa da ƙarfi. Babu komai.

Nan ya zauna dirshan a kan buzu. Domin shi kaɗai a duniya ya san cewa rufin da ya yi da hannunsa, da an goga masa jiƙaƙƙen yatsa sai ya biyo.

Tawada iri biyu ce a gidan kowane malami. Akwai ta takarda, wadda ake jiƙa bagaruwa da kashin maƙera a bar su su tsumu, ita idan ta shiga takarda ta shiga ke nan. Akwai kuma ta allo, gawayi da ƙaro, wadda aka yi ta musamman don a wanke. Ranar da ya kwafe shaidar Mero, yana kai layin ƙarshe tawadar takarda ta ƙare ƙaf. Liman na zaune yana jira, ga magariba ta gabato, sabuwa kuma sai ta kwana biyu tana tsumuwa. Maimakon ya ce a dakata, sai ya miƙa hannu ya jawo kurtun allo ya shafe sunan. Idon Liman ya yi rauni, bai lura ba. Malam ya ce a ransa idan sabuwar ta nuna zai bi ta kai.

Sabuwar ta nuna. Takardar ta dawo hannunsa daga gidan Sarkin Noma, ya gan ta, bai bi ba. Ta dawo daga rugar Ardo, ya sake ganinta, bai bi ba. Ba mantuwa ya yi ba, kada ma ku nema masa uzuri. Tsoro ya ji kada wani dattijo ya ce ya aka yi rufin ya sake kama, a gane magatakardan da ake yabo ya yi aikin ganganci. Kunyar tambaya ɗaya ce ta sa ya ɗaure gafakar da hannunsa ya aika gidan Maiwada.

Ni kaina da nake rubutawa haushinsa nake ji.

Bai ko taɓa kunun da aka kawo masa ba. Ya cusa takardar a aljihun riga ya fita.

Ya tarar da Maiwada a zaurensa yana duba turkuɗin da aka kawo daga mabuga, yana ɗaga kowane zane yana kallonsa a hasken ƙofa. Da ya ga Malam sai ya sallami yaransa da ido, ya nuna masa tabarma. Suka gaisa kamar ba komai, aka tambayi iyali, aka tambayi sanyi, har da maganar farashin baban rini.

"Malam magatakarda da kanshi. Gafakar ba ta iso ba?"

"Ta iso."

"To madalla."

"An taɓa takardar nan."

Maiwada ya ninke zanen da ke hannunsa a hankali, ya ajiye a kan 'yan'uwansa.

"An gyara ta dai."



Maiwada bai ɓoye komai ba, kuma wannan ne ya fi ciwo. Ya ce da asuba ya idar da alwala ya ɗauko takardar don ya sake dubawa, hannunsa da sauran lema, babban yatsansa ya sauka a kan rufin. Da ya ɗaga sai ya ga yatsan ya yi baƙi.

"Ni marini ne, Malam. Tun ina ɗan yaro nike kallon baƙi. Na san wanda ya kama, na san wanda aka shafa don ido."

"Sai ka rufe ka aiko mani."

"Da farko haka na yi niyya."

"Daga baya fa?"

"Daga baya na tuna Rabe ɗan ƙanwata ne, uwarshi kuma kwana take tana kuka. Ɗan auduga na samu da ruwa kaɗan. Bai ko yi gardama ba, rufin naka."

Ya ce da ya gama karantawa ya bar ta ta sha iska, sannan ya ɗauko tawadar kirki ta malamin gidansa ya rufe wuraren da kyau, don kada wani ya sake yin tuntuɓe da sunan baiwar Allah. Haka ya faɗa, har yana murmushi, kamar wanda ya yi aikin lada.

"Ka rantse a gaban Liman," in ji Malam. "Ka rantse ba za ka nemi sanin mai shaida ba."

"Kai ma ka rantse za ka rufe."

Daga cikin gida ana jin daka.

Maiwada ya gyara zama ya shiga lissafa masa abin da ya riga ya sani. Kafin a karanta kowace rufaffiyar shaida, Liman yakan tambayi magatakarda a gaban kowa ko rufin nasa ne, ko an taɓa shi. Idan ya ce an taɓa, a take za a ƙone takardar, shaidar ta faɗi, sai fa in mai ita ya yarda ya fito fili ya maimaita a gaban majalisa da wanda yake zargi. Magatakardan da ya yi sakaci kuma a karɓe alƙalaminsa a karya a bainar jama'a, ba zai ƙara rubuta wa majalisa ko harafi ba.

"Ni kau me za a ce na yi? Hannu mai lema ya taɓa takarda. Wa zai kama mutum da laifin alwala?"

"Me kake so?"

"Ba abu mai nauyi ba. In Liman ya tambaye ka, ka ce naka ne. Ka karanta abinka yadda ka saba. Ni zan roƙi a ɗaga hukunci zuwa bayan kasuwar Tsiga. Sauran ka bar mani."

"Me za ka yi mata?"

Kun ji? Mata ya ce. Da bakinsa ya ƙara tabbatarwa, ko da Maiwada yana da sauran shakka. Yana faɗa ya gane, ya ji kamar ya haɗiye harshensa.

Maiwada ya yi 'yar dariya.

"Ba ni taɓa ta. Marainiyar Allah da 'ya'yanta, me zan yi mata? Tuna mata kawai zan yi gonar wa take ci. Ita da ƙafarta za ta je wurin Liman ta ce duhu ne, ba ta gani da kyau ba. Ka ga ba wanda ya yi asara. Kai da alƙalaminka, ita da audugarta, ni da ɗana."

"Talakawan da hatsinsu ya tafi fa?"

"Allah bai manta da su ba."

Malam ya miƙe. Har ya kai bakin ƙofa Maiwada ya kira shi, ya ce ya ga rawaninsa ya koɗe, ya ɗauki ɗaya daga cikin zannuwan nan. Malam bai waiwayo ba. Wannan kaɗai zan yaba masa a shafin yau, kuma shi ma ba wani abin yabo ba ne.

Da ya fito bai nufi gida ba. Ya tsaya a mararraba, hanya ɗaya ta gidan Liman, ɗaya ta bayan gari. Ya san wadda ta dace. Amma sai ya ce wa kansa ai mai haƙƙi ita ta fi cancanta ta fara ji, bari ya gaya wa Mero tukuna, in ya so ta zaɓa da kanta. Ya bi ta ƙofar yamma, ya wuce tokar rumbunan da har yanzu take warin ƙauri, ya gangara gonar.

Audugar ta fashe fari fat. Mero na tsakiya da ƙwarya a gefenta, ta sunkuya tana cira, tana 'yar waƙarta ƙasa-ƙasa. Ba baƙuwarsa ba ce. Unguwarsu ɗaya, ta girme shi, ita ta riƙa goyonsa lokacin da mahaifiyarsa ke fama da ciwo. Shi ya sa ma da aka rasa mai magana, shi ya je ya lallashe ta. Ba alkawarin Liman ta riƙe ba, ba na Magaji ba. Nasa ta riƙe.

Tana ganinsa ta miƙe tana dafa ƙugu, fuskarta ta washe.

"Allah gafarta Malam. Yau kai ne a gona da farar riga?"

"Sannu da aiki, Yaya."

Ta ce ya tsaya daga kunya kada ƙaiƙayi ya kama masa riga. Ta shiga ba shi labari ba tare da ya tambaya ba. Wai bana audugar ta yi albarka, in ta cire ta kaɗa, zaren zai ishe ta ta yi wa 'yarta Nana kayan ɗaki har ta rage na hatsi. Wai tun ranar da ta yi maganar nan ba ta samu barcin kirki ba, ko kare ya yi haushi sai ta tashi zaune, amma jiya da ta ji takardar ta zagaya gidaje har uku ba wanda ya kalle ta da wani ido, ta yi barci har rana ta fito. Shekaranjiya ma ta haɗu da Maiwada a bakin rijiya, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a.

"Na ce a raina, lallai aikin Malam ya yi kyau."

Malam ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

"Yaya, akwai magana."

Ta tsaya da cira.

"Ba dai an fasa zaman ba?"

"A'a, yana nan."

"Ko Liman ne ba lafiya?"

"Lafiya lau yake."

"To mene ne?"

Ga ta nan a gabansa, ido cikin ido, ba kowa sai su biyu da tsuntsaye. Kalma nawa ce? An ga sunanki, laifina ne. Ya tattaro su har bakinsa. Sai ya hango yadda fuskar nan za ta sauya, yadda za ta dube shi, ya ji ba zai iya ɗauka ba. Ba ita ya tausaya wa ba a lokacin, kansa ya tausaya wa, kuma ya san haka.

"Cewa na yi ko za ki ɗan je Dayi wurin ƙaninki. Ki kwana biyu, har ƙurar nan ta lafa."

Mero ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ta tafi ta bar auduga a fashe, awakin gari su yi biki? Kuma mace ta kwashi 'ya'ya ta bar gari ranar da ake zaman shari'a, ai ko makaho ya san ita ce.

"Me zai kore ni, Malam, tunda sunana na rufe?"

Malam ya kawar da kai.

"Ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ka gani. Je ka yi aikinka, Allah ya dafa maka. Ka karanta da ƙarfi yadda kowa zai ji, kada ka rage komi."

Ya juya ya kama hanya. Tana ta sa masa albarka daga baya, kowace kalma na sauka a kansa kamar dutse. Da ya kai inda ba za ta gan shi ba ya durƙusa a gindin wata ɗorawa ya rufe fuska da hannun riga. Ya yi kuka, kukan gaske, amma da ya gama bai koma gonar ba.

A masallaci ma sai da na kusa da shi ya taɓa shi, don an ɗago daga sujada shi yana nan.

Bayan azahar zauren Liman ya cika. Dattawan huɗu a kan buzaye, Liman a tsakiya, wakilin Magaji a gefe yana saurare, sauran jama'a a waje suna leƙe. An fito da ɗinkakkiyar takardar an ɗora a kan faifai a gaban Liman, yadda kowa zai ga ɗinkin bai motsa ba. Rabe bai zo ba, domin ba a kiran wanda ake zargi sai an gama sauraren takardu. Maiwada ya sha sabon rawani yana jan tasbaha.

Liman ya yi addu'a, ya karɓi rufaffiyar daga hannun Malam. Ya kai ta kusa da idonsa, ya ɗaga ta sama, ya juya bayanta, sannan ya miƙa wa Sarkin Noma da Ardo su ma su gani. Ardo ya ce shi bai san karatu ba amma ya san baƙi, wannan ko aljani ba zai leƙa ƙarƙashinsa ba. Aka yi 'yar dariya. Liman ya ce shi ya sa ba ya yarda kowa ya riƙe masa alƙalami sai ɗan nan, tun yana ƙarami bai taɓa ba shi kunya ba.

Malam ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Liman ya gyara murya.

"Abdussamad."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Allah na ganinka, mu ma muna ganinka. Rufin nan naka ne? Ba wanda ya taɓa shi tun da ya bar hannunka?"

Tasbahar Maiwada ta tsaya.

Malam ya dubi takardar. Ya dubi alƙalaminsa da ke soke a bakin kurtu, wanda mahaifinsa ya fiƙe masa irinsa na farko. Ya yi ta gaya wa kansa cewa in ya faɗi gaskiya shaidar ce za ta ƙone, Rabe ya sha, Mero kuma ba abin da za ta ƙaru da shi. In ya yi shiru wataƙila Maiwada ya cika maganarsa, a rabu lafiya. Dalilai suka yi ta zuwa masa, kowanne da kamar gaskiya. Can ƙasan zuciyarsa kuwa ya san dalili ɗaya ne.

"Nawa ne."

"Ba mu ji ba."

"Nawa ne. Ba wanda ya taɓa."

Tasbahar ta ci gaba da tafiya.

Liman ya ce to bismilla. Malam ya miƙe tsaye ya fara karantawa, kuma duk inda ya iso rufi sai ya ce "an rufe", kamar yadda aka saba, ya wuce. "Ni, an rufe, na shaida cewa ranar da wuta ta tashi ina, an rufe, sai na ji motsin jakuna." Muryarsa ta fita sarai, abin mamaki, ba ta ko girgiza ba. Da ya ambaci sunan Rabe aka fara gunaguni, Sarkin Noma ya girgiza kai, Ardo ya dubi Maiwada ta gefen ido.

Yana gamawa Maiwada ya nemi izini. Ya yi magana mai daɗi, ya ce shi ba ya kare ɗansa, in ya yi a hukunta shi, amma shaidar mutum ɗaya abu ne mai nauyi, yana roƙon a dakata zuwa bayan kasuwa ko Allah zai kawo wani haske. Liman ya fara gyaɗa kai.

Sai hayaniya ta tashi a waje.

Aka ji mutane na cewa a ba ta hanya, wasu na cewa mace ba ta shiga nan. Wakilin Magaji ya miƙe zai leƙa. Kafin ya kai ƙofa jama'a sun dare.

Mero ce.

Ba kallabi a kanta. Zanenta ya yage daga gefe, gwiwarta na jini, gashinta duk ƙasa da ɓurɓushin auduga. Ba ta shigo ba, a bakin ƙofa ta durƙusa, inda mata ke tsayawa.

Liman ya tambayi ko wace ce, don ba ya gani daga nan. Aka gaya masa. Shi ya san abin da sunan yake nufi, sai da hannunsa ya motsa zuwa kan faifan.

Ba ta yi kuka ba. A hankali ta yi bayani, kamar mai ba da labarin wani. Ta ce ana kiran azahar Rabe ya zo gonarta da samari da jakuna, suka kora su cikin audugar suka tattake ta tun daga wannan kunya har waccan. Da ta riƙe masa riga ya hankaɗe ta. Ya ce mata tunda idonta na ganin jakuna, ga su nan ta ƙara gani da kyau. Ya maimaita mata maganar da ta faɗa a asirce, har da wadda aka ce an rufe, cewa tana cikin gonarta tana korar awaki. Ya ce kafin magariba kada ya ga ko tsintsiyarta a ƙasar kawunsa.

Fuskar Maiwada ta yi fari. A fili yake ya gaya wa yaron ne don ya kwantar masa da hankali, bai san zai yi wannan haukan ba. Ya buɗe baki zai yi magana, Liman ya ɗaga masa hannu ba tare da ya dube shi ba.

Kowa ya zaci Maiwada za ta fuskanta.

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Idonta na kan mutumin da ke tsaye da takarda a hannu, wanda bai daɗe da cewa ba wanda ya taɓa ba. Ta kira shi da sunan da rabonta da shi tun kafin ya naɗa rawani.

"Abdu."

Malam ya ɗago ya dube ta.

"Abu ɗaya nike so in ji, a gaban Liman. Da ka zo gona ɗazu kana ce mani in tafi Dayi, ka sani?"